Askin Aya-Aya

Shekara talatin da takwas Mai Aski ya yi yana tsaye a bayan kawunan mutane, a wani ɗan shago mai kujera biyu da madubi ɗaya da ya tsage ta gefe. Ranar da hannunsa ya yi rawa har ya ɗan taɓa kunnen wani, bai jira an gaya masa ba, ya naɗe almakashinsa a tsumma ya koma gida. Wata uku yana zaune a falo yana gyara zaman labule, yana leƙa tukunya, har matarsa ta gaji.

"Baban yara, ko dai ka samo abin yi, ko ni in samo wurin zuwa."

Ita ce ta kai sunansa lambun unguwa, wani fili da ke bayan gidaje, an yanka shi fangali-fangali, kowa da nasa, famfo ɗaya, tulin taki ɗaya. Wata malamar makaranta mai ritaya ce shugaba, Malama kawai ake ce mata. Ranar da ta nuna masa nasa fangalin ta karanta masa doka: wanda ya bari ciyawarsa ta tsallaka wa maƙwabta, a karɓe a ba na gaba, don mutum tara ke jiran layi.

Ya shuka karas da latas. Ya soma tashi da wuri, yana dawowa da yunwa da labari.

Sai ga wata ciyawa ta ɓullo tsakanin latas ɗin, siririya, mai sheƙi, a tsaye cak. Mai Aski ya dube ta, ya yi abin da ya sani. Kullum da safe ya durƙusa da almakashi ya bi ta ɗaya bayan ɗaya daidai da ƙasa. Washegari ta fito, ya sake. Bai ga abin damuwa ba, ai duk abin da aka aske dama dawowa yake yi.

Maƙwabcin fangalinsa, wani tsohon direba mai ƙaton ciki, ya tsaya a kansa da bokiti a hannu.

"Mai Aski, gyaran fuska ake mata ko ƙwal-kwabo?"

"Ragewa dai nake yi."

"Aya-aya ce fa wannan. Abin da kake gani a sama ado ne, 'ya'yanta na ƙasa a jere, kowace riƙe da 'yar'uwarta. Sai an tona."

Mai Aski bai taɓa bin gashi har saiwa ba, abin bai kwanta masa ba. Amma Direba shekararsa biyar a lambun, shi kuwa ko wata biyu bai cika ba. Ya ari fartanya, ya haƙura da latas ɗin, ya sassare fangalin ciki da bai, ya juya ƙasar har ta yi laushi. Da ya gama, ya share wurin tsaf, don bai taɓa rufe shago da gashi a ƙasa ba. Ya kwashe tarkacen, har da wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, ya juye a tulin takin da kowa ke ɗiba.

Mako biyu, fangalinsa ya cika ya tumbatsa, ko tsinke ba ka samun wurin sokawa. Wata mata ta ce ya zuba gishiri. Wani ya ce gishiri kashe ƙasa yake yi, tafasasshen ruwa ne magani. Matarsa ta ce ba da butarta ba. Ya zuba gishirin a rabi, ruwan zafin a rabi, daga baya ya manta wane rabin ne ya sha wanne, kuma duka biyun kore shar.

Ya tari Direba a bakin famfo.

"Kai ka ce in tona."

"Na ce ka tona, ban ce ka yi mata kishiya da fartanya ba. Kowane gutsure da ka sara ai uwa ce."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Ka tambaya?"

Kafin wata ya ƙare, aya-aya ta leƙo a fangalin albasar Direba, da na matar da ta ba da shawarar gishiri, da wasu tara, duk waɗanda suka ɗibi taki. Malama ta aika a kira shi. Ya same ta a kan benci ƙarƙashin rumfar kayan aiki, da littafin sunaye a cinya. Tun daga nesa ya cire hula.

"Baba, zauna. Da ta fara fitowa, me ka yi mata?"

"Aski, Malama." Ya sunkuyar da kai. "Rashin sani ne."

"Kullum?"

"Kullum da safe."

"To ai daidai ka yi. In ana hana ta ganye kullum, 'ya'yan na ƙasa yunwa ke cin su a hankali. Me ya sa ka daina?"

"An ce in tona."

"Tonawar ma daidai ce, in za ka tsince kowace ɗiya ka ƙone."

Mai Aski ya juya hular a hannunsa.

"Malama, ki yi mini a hankali. Aski daidai ne, tono daidai ne. To wanne ne ba daidai ba?"

"Wanda ka yi."

Ta buɗe littafin, ya ga yatsanta na bin sunayen masu jira. A ransa ya hango falon nan da labulensa.

"Bisa doka karɓewa zan yi," ta ce. "Na kira mutum uku, duk sun zo sun gani, kowa ya ce a ba na bayansa. Saboda haka yana nan da sunanka. Amma za mu rufe shi da baƙar leda wata shida, ko ƙwayar karas ba za ka saka ba. Fangalan nan goma sha ɗaya kuma kai za ka riƙa bi kullum kana rage musu ita."

"Wato an karɓe."

"Ba a karɓe ba."

"An bar mini ke nan."

"Ban ce ka taɓa shi ba."

Da la'asar Direba ya kama masa suka shimfiɗa ledar, suna danne gefunanta da duwatsu. Mai Aski ya ja da baya ya dubi abin, baƙi wuluk, lambar fangalinsa a tsaye a kai. Ya daɗe yana kallo.

"Direba, ita ledar, ana ba ta ruwa?"

Direba ya ɗaga yatsa zai yi bayani, sai ya dubi albasarsa, ya sauke.

"Tambayi Malama."