Inna Kubra da Gwangwanin Ƙwallon Dabino

Duk wanda ya sayi dabinon nan mai lawz a ciki a shagunan Utaibiyya da ke Makka cikin shekaru arba'in ɗin nan, ya kai tsaraba Kano ko Damagaram, mai yiwuwa ya ci aikin hannun Khadijatul Kubra bai sani ba. Mu maƙwabtanta a Rusaifa Inna Kubra muke ce mata. Larabawan benenmu kuwa Ummu Ayman suke kiranta, da sunan babban ɗanta, kuma na rantse akwai waɗanda suka yi shekara ashirin suna gaisawa da ita ba su san tana da suna nata na kanta ba. Ku riƙe wannan, don a kansa duk abin ya faru, kuma har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

A Misfala aka haife ta, tun unguwar tana da lunguna da gidajen laka. Iyayenta, Wada da Maimuna, daga ƙasar Gumel suka taso a ƙasa. Shekara bakwai suka yi a hanya. Su yi tafiya, guzuri ya ƙare, su tsaya su yi ƙwadago a gonakin auduga na Sudan, su sake tashi, har suka hau jirgin ruwa suka sauka Jidda. Kubra ba ta ga wannan tafiya ba, amma ta sha ta a kunne, domin Maimuna ba ta da wata hira sai ita.

Ba a sa ta makarantar boko ba, allo ma ba ta yi nisa ba. Tana da surorin sallarta, tana da hannu mai sauri. Da aka yi mata aure ta fara karɓar aikin dabino: a kawo kwali daga shago, ta zauna a tabarma da faranti, ta tsaga, ta cire ƙwallon, ta cusa lawz, irin gyaɗar nan ta Larabawa, ta matse bakin, ta jera. Da wannan ta riƙe 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta.

To a wurin wannan aikin waƙa take zo mata. Ba ta iya tsara ko baiti ɗaya idan hannunta a zaune yake. Sai tana tsaga tana cusawa za ka ji tana gunaguni, ta maimaita, ta fasa, ta sake. Idan baiti ya zauna mata, sai ta ɗauki ƙwallon dabinon da ke hannunta a lokacin, ta goge shi da gefen zane, ta jefa a gwangwanin madara. Baiti ɗaya, ƙwallo ɗaya. Kowace waƙa da gwangwaninta. In za ta rera sai ta zazzage su a cinya, tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa, don kada ta tsallake ko ɗaya. Littafinta ke nan, a ƙarƙashin gado yake.

Babbar waƙarta ita ce ta hanya, wadda ta yi wa uwarta. Shekara tara tana gina ta. Sai dai akwai abin da ba ta yi ba. Kun san al'adar masu waƙa: a baitin ƙarshe mutum yakan faɗi sunansa, ya ce in an tambayi wanda ya yi, ni ne wane ɗan wane. Kubra ba ta taɓa sa wannan baiti ba. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce, "Haba, Maryama. Sunana a bakin maza? Inna ta ce mace ba ta shelar kanta." Sai ta bar ƙofar waƙarta a buɗe, ita a ganinta kunya ce.

Ta wannan ƙofar Nu'uman ya shiga.

Nu'uman ƙanin marigayi mijinta ne, mai murya, ana kiransa bukukuwa ya yi bege. Muryar kam Allah ya ba shi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ranar sunan wata jika a gidansa mata suka matsa wa Inna Kubra ta yi musu waƙar hanya. Ta fara, matarsa kuma ta ɗaga waya tana ɗauka. Ana baiti na arba'in da ɗaya aka kira la'asar, Kubra ta tattara ƙwallayenta, kowa ya tashi alwala. Ba a koma kanta ba.

Bayan wata huɗu na shiga wani shagon turare, sai na ji waƙar tana tashi daga wayar mai shagon, da muryar namiji. Na tsaya kamar an dasa ni. Kalma bayan kalma, ta Kubra ce. Wurare biyu kaɗai aka taɓa. Inda take cewa Maimuna, ya cire ya sa sunan tasa uwar. Uwar da ta zo ƙasar nan a jirgin sama, jama'a! Ana miƙo mata shayi a kujera! Ita ce wai ta tsinci auduga a Sudan har hannunta ya tsage. Sannan a ƙarshe ya liƙa baiti, ya ce in an tambaya, Nu'uman ne ya tsara.

Waƙar ta bazu. Alhazai suka tafi da ita gida a wayoyinsu. Tsofaffi suna ji suna kuka, suna sa wa Nu'uman albarka.

Da na kunna mata ta ci gaba da aikinta har aka zo wurin sunan uwar. Nan hannunta ya tsaya cak da dabino a tsage.

"Sake mini nan."

Na sake.

"Ya cire Inna," in ji ta. "Maryama, ya cire Inna daga hanyarta."

Ta aika masa. Bai zo ba, sai ya kira a waya, ni ina zaune ina ji. "Yaya, ma'alesh, ki yi haƙuri, ai taimakonki na yi. Waƙa tana ruɓewa a ƙarƙashin gado, na fito da ita duniya ta ji. Kuma fisabilillahi, wa zai yarda mai cusa lawz ta yi wannan? Ke da ko sunanki ba kya iya rubutawa?"

"Na yi maka wanka kana da ƙazuwa, Nu'uman."

"To ai ban ce ba ki yi ba. Waƙa dai daban, wanka daban."

Ya kashe wayar. Da ni ce da a ranar na hau tasi na same shi har gida. Ita kuwa sai ta ci gaba da tsaga dabino, amma kwana goma ban ji gunaguninta ba, kuma ba ƙwallon da ya faɗa gwangwani.

Ayman ne ya kai maganar gaban Malam Mukhtaru, dattijon da mutanenmu ke zuwa wurinsa sasanci. Aka sa ranar Asabar bayan la'asar. Kwana biyu kafin nan jikarta Shahad ta zo, wadda ke karatun Turanci a jami'a, Hausarta rabi Larabci. Ta zauna tana taya ta jera dabino.

"Ya Sitti, kakata, wallahi abin nan naki mun karanta irinsa. Wata mata ce a Amurka, fiye da shekara ɗari biyu. Daga can wajen ƙasashenmu aka sato ta tana ƙarama, aka sayar da ita. Ta koyi harshen masu gidan, har ta zo tana yin waƙoƙi da shi. Da za a buga littafinta mutane suka ce mustahil, baiwa ba za ta iya ba. Sai da manyan garin suka sa hannu a takarda cewa ita ta yi."

"Su nawa?"

"Sun kusa ashirin."

"Duk maza?"

"Duk."

"Ina suka sa takardar?"

"A farkon littafin, kafin waƙoƙin."

Inna Kubra ta matse bakin wani dabino har lawz ɗin ya fito ta ɗaya gefen. "To ai ba da ita aka yarda ba, 'yar nan. Da su aka yarda. Baiwar Allah ta yi naƙuda, wasu suka karɓi barka."

Ranar Asabar muka tafi mu uku, ni da ita da Shahad. Aka zaunar da mu a ɗakin ciki, aka bar ƙofar da ke tsakaninmu da zauren maza a ɗan buɗe. Dattawa biyar ne, da Ayman, da Nu'uman cikin farar riga yana ƙamshi. Aka kawo mana gahawa da farantin dabino.

Malam Mukhtaru ba mugu ba ne, amma abin da ya yi ya ƙona ni. Ya miƙo takarda da alƙalami ta bakin ƙofa. "Ummu Ayman, abin mai sauƙi ne. Mai waƙa ba ya ɓoyuwa. Rubuta mana baiti biyar a kan duk abin da kika ga dama, mu gani."

Shi fa ba a ce ya rubuta komai ba. Ɓarawon yana zaune yana kurɓar gahawa, mai kayan ake yi wa jarrabawa.

"Malam, ban iya rubutu ba."

"To faɗi da baki, yarinyar ta rubuta."

Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Na san dalili: hannayenta a cinya suke, ba abin da suke yi. Wani dattijo ya yi gyaran murya. Sai muryar Nu'uman a hankali, har da tausayi a ciki: "Ku bar ta, don Allah. Tsufa ne. Ta ji ina rerawa a gida, ta ɗauka tata ce."

Na yunƙura zan tashi, ta danne mini gwiwa. Ta zaro gwangwanin daga cikin abayarta, ta kawar da gahawar da ke kan tire gefe, ta zazzage ƙwallayen. Ƙararsu har zaure. Ta tura tiren ta ƙofa.

"Malam, a ƙirga."

Aka ƙirga. Sittin da uku.

"Waƙar hanya ke nan, kowane ƙwallo baiti. Nu'uman, taka nawa ce?"

"Arba'in da biyu."

"Cire wanda ka sa sunanka. Arba'in da ɗaya. A ina matafiyanka suka tsaya?"

"A... Sudan."

"Shekara nawa kana rera ta, ba wanda ya tambaye ka yadda aka yi suka iso Makka? Ka bar mutane a gonar auduga ka tafi sallar la'asar. Ga na arba'in da biyu nan a gabanka. Ɗauka ka faɗa mana."

Bai ɗauka ba. Ya ce ai sauran yana kan gyarawa.

"A dawo mini da tiren," in ji Kubra.

Ta ɗauki ƙwallon, ta juya shi a yatsu, ta fara da muryarta ta tsufa mai rawa:

A gefen gonar auduga aka sa ta,
Ba likkafani, sai mayafin uwarta,
Da safe aka ce a tashi, aka bar ta,
Maimuna na tafe tana waiwayenta.

Yayar Kubra ce, wadda ta rasu a hanya tana da shekara biyu. Ko Ayman bai san da ita ba. Daga nan Kubra ba ta tsaya ba, ƙwallo na faɗawa gwangwani ɗaya bayan ɗaya, ta kai su bakin teku, ta tsallakar da su, ta kawo su har inda Maimuna ta fara hango Ka'aba ta zauna a ƙasa ta kasa tashi. Da ta gama, a zauren ba ka jin komai sai jan hanci.

Malam Mukhtaru ya share ido. "Nu'uman, ka ji kunya. Ummu Ayman, taki ce, ba shakka. Yanzu zan rubuta takarda, mu biyar mu sa hannu cewa mun bincika mun tabbatar, a yaɗa ta tare da waƙar."

Shahad ta dube ni, na dube ta.

"Malam, Allah ya saka da alheri," in ji Inna Kubra. "Ba na so."

"Ba kya so?"

"Lokacin da nake tsara ta kuna ina? Shekara tara, ba wanda ya riƙe mini ko faranti. Shi da ya ce tasa ce, mutum nawa suka sa masa hannu kafin ku yarda? Laifina ɗaya ne, na bar ta ba rufi, kuma yau zan rufe abata. Shahad, kunna wayarki. Maryama, turo mini dabinon can."

Na tura mata farantin baƙi. Ta ɗauka ta tsaga, ta cire ƙwallo, ta ajiye, ta ɗauki wani. Ba lawz, amma hannun ya samu abin yi. A na shida gunagunin ya dawo. A na goma sha ɗaya ta ɗaga murya yadda zaure zai ji:

Mai tambaya wa ya tsara ta,
Kubra ce, Maimuna ce uwarta,
Wada ubanta, dabino sana'arta,
Ba ta roƙi kowa ya shaide ta.

Ta goge ƙwallon da gefen abaya, ta jefa. Sittin da huɗu. Ta rufe gwangwanin, ta miƙe, ta ce mu tafi, akwai kwali biyu da ke jiranta.

Nu'uman ya cire tasa daga intanet, amma wa zai bi wayoyin mutane daga nan har Damagaram yana gogewa? Har gobe akwai masu ce mata waƙar Nu'uman, kuma duk wanda ya faɗi haka a gabana sai ya ji daga gare ni. Ta Inna Kubra kuwa ba ta da zaƙin murya, akwai ƙarar gwangwani a ciki, amma ita ce mai isa Makka. Shahad ta tura wa 'yan uwa, suka tura wa wasu. A bukukuwan Rusaifa yanzu mata ba sa tsayawa sai sun kai baiti na sittin da huɗu.

Makon jiya maƙwabciyarmu Balarabiya ta leƙo, ta ce, "Ummu Ayman, ashe sunanki Kubra?"

"Khadijatul Kubra," in ji ta, ba ta ko ɗago daga farantin ba. "Ki faɗe shi duka."