Shagon da “Amma” Ta Cinye

Mijin yayata gyaran fanka da rediyo yake yi, a wani ɗan shagon haya mai ƙofar ƙarfe a bakin kasuwa. ’Yan layinsu suna ce masa Na-saya-amma, shi kuma yana amsawa har da washe baki, a zatonsa kirari ne. Tunda nake ban taɓa ganin ya karɓi ciniki yadda aka ba shi ba. Ko batir zai saya, sai an gama magana ya liƙa mata jela: amma ka ƙara mini leda, amma ka gwada mini sau biyu. Wai shi mai wayo. Ni dai son banza kawai na gani.

A shagon nan gemunsa ya yi furfura, daga nan kuma abincin gidansu yake fitowa. Da mai shagon ya tashi sayarwa, shi ya fara nema saboda mutunci, ya yanka masa kuɗin da kowa ya san alfarma ce. Yayata ta sayar da sarƙar da ta gada, kuɗi suka cika.

Gogan naku ya je ya harɗe ƙafa. “Na saya, Alhaji. Amma ka sake fenti, kuma bencin nan na waje ya shigo cikin ciniki.”

Benci mai ƙafa uku fa, jama’a.

Mai shagon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, “To, na ji,” ya shiga mota. Shi kuwa ya dawo gida yana taƙama ya matse mai kuɗi. Ba a jima ba labari ya zo, mai walda na kusa da shi ya saye shagon.

Mijin yayata ya garzaya wajen shugaban kasuwa yana kumfar baki. “Ranka ya daɗe, gaban mutane na ce na saya!”

“Abin da bai sayar ba ka saya,” in ji shugaban. “Shago ya ba ka, ka mayar masa da shago da fenti da benci. Daga nan kai ne mai tayi. Ya ce ya sallama?”

“Ya ce ya ji.”

“To, kunnensa lafiya lau ke nan.”

Ranar kwashe kaya, yayata ce ta ɗauki akwatin aikinsa a ka, ta yi gaba. Shi yana biye da ita hannu a aljihu, yana gaya wa maƙwabta dama rufin yana yoyo.