Turmin da Ige ta fasa

A gidanmu na Unguwar Lalle, kunun zaƙi ne ke yanke tsawon tatsuniya. Kakata Tumba, wadda ta haifi mahaifiyata, kunu take yi na sayarwa. Bayan sallar isha'i takan sheƙa tafasasshen ruwa a kan ƙullun gero, ta juya har ya yi kauri, sannan ta jira ya huce kafin ta zuba masa tsiron dawa, wanda shi ke kawo zaƙin. Wannan jiran shi ne rabonmu. Mukan zagaye murhu muna tura kara cikin wuta, ita kuma tana ba da labari tana tsoma ɗan yatsa a tukunya jefi-jefi. Da zarar yatsan ya iya jure zafin, to, ko kura ta kai bakin ƙofa sai dai ta kwana a nan. Na sha yin addu'ar kunun nan ya ƙi hucewa.

"Ku gyara mata wuri, ta iso," haka take farawa. Mu ce, "Ta zauna, mun gyara."

Akwai wadda take yawan maimaitawa, ni kuwa a lokacin ba ta burge ni ba, don babu aljani a ciki, babu dodo. Labarin wata mai kunu ne, sunanta Ige. A wata shekarar yunwa, wata baƙuwa ta gangaro daga arewa, can bayan Burkusuma, da 'yarta ƙarama a hannu, ba miji ba dangi. Ige ta ba ta ɗakin da take ajiye kara, baƙuwar kuma tana taya ta surfe da ɗiban ruwa.

Ba a jima ba sai kunun Ige ya fara fitar da mai. Idan an tace da safe, sai a ga ɗigo-ɗigo suna yawo a kai kamar na romo, kafin azahar kuma ya canza wari. Masu saye suka ja baya. Da ma gari na neman abin faɗa, sai aka ce barbaɗe ne, kuma ba a taɓa ganin haka ba sai da baƙuwa ta shigo. Mata suka cika ƙofar gidan suna cewa lallai ta kwashe 'yarta ta bar garin kafin rana ta faɗi. Inda za ta nufa da yarinya cikin yunwar nan, wannan bai dami kowa ba.

A nan kaka takan gyara zama, ta ɗauki muryar Ige: "Ku dakata. Ni ba ni tambayar mutane, ruwa za ni tambaya."

Ige ta rufe ƙofa, ta ɗora ruwa ya yi zafi, ta bi kayan aikinta ɗaya bayan ɗaya. Ta zuba a tulu, ta kai haske ta duba, garau. Ta zuba a ƙwarya, ta ɗauraye ludayi da matankaɗi da dutsen niƙa, duk ba komai. Da ta zuba a turmin da take surfa gero, sai mai ya taso. Ta sa hannu a gindinsa, ta laluɓo ɓarɓashin gyaɗa maƙale cikin tsagar itacen. Ita kuwa ba ta taɓa daka gyaɗa a ciki ba. Ta ɗaga kai ta ga baƙuwa a raɓe jikin danga, idonta a ƙasa, yarinyar na lasar yatsu. Ashe baƙuwar kalar gyaɗa take yi a gonakin da aka riga aka cire, ta daka wa 'yarta a turmin idan Ige ta tafi kasuwa, don kunya ta hana ta cewa abincin da ake ba su ba ya isa.

 Ige ta mirgino turmin har ƙofar gida, ta ɗauko gatari. Matan suka ce, "Mi ruwa yac ce?" Ta ce, "Turmi na. Ya tsuhwa, ya sha mai tun zamanin uwar mijina, yanzu shi ka amayo shi." Ta fasa shi a gabansu, ta ce mai son itacen wuta ya ɗiba. Bayan kwana biyu ta sa masassaƙi ya yo mata turmi biyu. Ta ajiye ɗaya a tsakar gida, ta tura ɗayan ɗakin baƙuwa tana mita wai ba ta da wurin ajiye shi.

Mu yara ba mu yarda ba. Yayata Kulu, wadda ta fara zuwa makarantar allo kuma take ganin ta gama karatu, ta ce ai Ige ƙarya ta yi. Ni kuma turmin nake jin tausayi. Kaka ta yi dariya har tana tari, ta ce, "Ke ɗiyar ga, turmi shina jin kunya? An hwasa shi, ya yi wuta, an dahwa tuwo. Mutum hwa, in anka hwasa shi gaban jama'a, mi za a dahwa da shi?" Ta tsoma yatsa a tukunya, ta ce kunu ya huce, kowa ya nemi tabarmarsa.

Yau ni ma kunun nake yi a garin Isa, sai dai a robobi nake ɗurawa. Duk ranar da na ga mai ya kwanta a wuyan roba, ba na tsayawa zargin kowa, ruwan zafi nake ɗorawa. Wani lokaci injin niƙa ne, an markaɗa gyaɗa kafin a zuba nawa. Wani lokaci ludayin miya ne ya ɓace hanya, ko robar da aka taɓa auna man gyaɗa a ciki, wadda ko an wanke ta da sabulu sai ta tona kanta. Shekaru da yawa na ɗauka iyakar abin da kaka ta koya mana ke nan, kuma ya ishe ni riƙe sana'a.

Bayan rasuwarta, wata safiya mahaifiyata na taya ni ɗuri, na ɗauko labarin ina dariya. Na ce abin da ke ba ni mamaki, ko baƙuwar nan ta gane cewa saboda ita aka fasa turmin? Inna ta rufe robar da ke hannunta, ta daɗe tana murza murfin.

"Ta gane," ta ce. "Ni anka daka ma gyaɗar."

Na zauna a kan bokiti, na kasa ci gaba da aiki. Na yi kukan kaka sabo, kamar ranar aka binne ta. Ashe kaka ce baƙuwar. Ige ta rufa mata asiri har ta koma ga Allah, babu wanda ya ji. Kaka kuwa, da ta ga dama, da maganar ta mutu tare da su biyun. Amma ba ta iya barin alherin ya ɓace ba, kuma ba ta iya cewa ita ce ba, sai ta mai da shi tatsuniya, ta zaunar da 'ya'yan yarinyar nan mai lasar yatsu, ta riƙa faɗa musu sunan matar da ta hana a kore su.