Malam Muntari, maginin da ya yi karatu da ido

Yabon gwani ya zama dole. Shekara ashirin da shida Malam Muntari na Damagaram yana fita daga Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon a Faransa, bayan asuba, ya shiga bas, ya nufi wajen gyaran tsofaffin gine-gine. Watan nan ya ajiye aiki.

Bai yi lakkol ba, wato boko, kamar yadda ni ma ban yi ba. Amma kowace Asabar yana ɗakin karatun unguwa, yana aro manyan littattafai masu zanen majami'un da aka gina da dutse shekaru ɗari takwas da suka wuce. Rubutun ba ruwansa da shi. Zanen yake bi da yatsa, ya ga inda nauyin rufi ya sauka, da abin da ya tokare bango. Mu kuwa muna ta tsiya: "Malam, ko fadan coci za ka zama?" Sai ya ce, "Ku dubi nan, ba bakan gizon soron gidanmu ba ne? Nasu na dutse ne kawai."

Abakar, ɗan Cadi abokin aikinsa, shi ya ga abin da ya faru a wata majami'ar ƙauye kusa da Lyon. An sake ɗaura bakan gizon ƙofa da kwaɓin farar ƙasa. Bayan kwana uku, sabon shugaban aiki da ya saba da siminti ya ce a cire katakon da ya tallafe shi. Muntari ya ce a'a. Shugaban ya ce, "Ka cire ko ka tafi gida." A lokacin takardar zaman Muntari a Faransa da aikin nan take rataye. Ya ɗauko littafi daga jaka, ya nuna zanen magina da katakonsu a ƙarƙashin baka, ya ce, "Siminti ɗan gaggawa ne. Wannan sai ta sha iska." Aka kore shi.

Washegari injiniya ta zo, ta danna babban yatsa cikin kwaɓin. Ya nutse. Mutum huɗu ne za su tsaya a ƙarƙashin dutsen nan da an cire katakon. Da kanta ta buga wa Muntari waya, ta ce ya dawo aiki.

Muntari, kai ne ka zaɓi rasa abinci da ka ga an ɗauki gawa. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma samari masu takardun digiri, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa. Ku je ku gaishe shi tun yana da ƙarfin amsawa.