Murfin Rijiya

A tashar Daura, wajen motocin garin Babban Mutum, Dabo mai gyaran famfo yana kallon wata mata mai hijabi ruwan toka, gilashinta ɗaure da zare. A gabanta akwai akwatin ƙananan kwalabe, kowacce da sunan ƙauye. Ya san irinsu: 'yan jami'a ne, su ɗebi ruwan rijiya, su rubuta wa hukuma rahoto, shi ke nan.

Amma ita da sabon murfin rijiya na ƙarfe take tafe, direba sai mita yake yi.

"Hajiya, wannan ai wurin mutum biyu zai ci!"

"Ɗora shi, malam. Bara takarda na kai ofis, shafi tamanin. Da na koma ƙauyen, yara uku na gidan da na sauka babu su, ruwan rijiya ya kashe su."

Wata tsohuwa ta miƙo mata ruwa a moɗa. Ruwan girmamawa ba a ƙin sa. Matar ta yi ta kallon cikin moɗar, leɓɓanta na motsi kamar mai kiran sunaye, kafin ta yi bisimilla ta kurɓa.

Dabo ya tashi ya kama gefen murfin.