Mai Dama wa Ƙudaje Kunu

Wawan labarin nan ni ne, gara in faɗa da bakina kafin 'yan unguwarmu ta Goutte d'Or su riga ni.

Cikin shekarun tamanin ɗiyar ƙanwata tana karatu a Lyon, ni kuwa ina sayar da atamfa a Paris. Kowa ya shigo kantina sai ya ji cewa muna da likita a gida. Ranar da na je ganinta, na tarar da likitar tamu bakin tukunya, tana dama wa ƙudaje kunun masara. Ƙananan nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba, ga su cike da kwalabe. Wai aure take haɗa su, ta ga abin da jikoki ke gada daga kakanni. Ita ke ciyar da su, ita ke tantance su ɗaya-ɗaya a madubin ƙara girma, shekara da shekaru.

Na ce, "Da kin ce ƙuda kike so, me ya raba mu da Maraɗi?"

Ana nan aka kira taro a Paris, farfesanta zai bayyana abin da aka gano. Na zuba babbar riga na bi ta. A hanya ta ce, "Kawu, mu masu kiwon ƙudaje ba a ambatonmu. In ba a san aikina ba ne, ba mai ɗaukata, sai gida. Amma don Allah ka yi shiru."

Farfesa ya gama, ya gode wa manya, aka tafa. Ni dai a garinmu ko a taron suna sai an sa wa mai girki albarka. Da aka ce ina mai tambaya, na miƙe da Faransancina na aji uku: "Mushe Farfesa, wa ke dafa wa ƙudajen nan abinci?"

Ɗaki ya kwashe da dariya, ita kuwa ta nutse cikin kujera. Farfesa ya yi jawur. Ya ce gaskiya ita ta fara lura da abin, ya kira sunanta cikakke, ya ce ta zo ta amsa sauran tambayoyin. Ta tashi ta amsa su tsaf. Kafin mu fita, wata tsohuwar malama ta riƙe hannunta, ta ce akwai gurbi a ɗakin bincikenta.

A cikin jirgin ƙasa na metro na gyara hula, na ce, "Yau kam ni na fito da ke."

Ta ce, "Madalla, Kawu. To gaya mini, me na gano?"