Faifan Umma da Kwando Tara

Shekara huɗu cur na yi ina gadin takalma a firamarenmu da ke kusa da Ƙofar Gayan. Babu wanda ya naɗa ni da baki, amma kowa ya san muƙamin nawa ne. Duk Talata da Alhamis, in an buga ƙararrawar motsa jiki, 'yan ajinmu za su zube silifas da sandal a gindin dalbejiya su kwasa a guje zuwa fili, ni kuma in ja sandata in zauna kusa da tulin. Har na kai in ka ɗaga takalmi zan faɗa maka mai shi, in ƙara maka da ranar da aka kai shi wurin mai gyara. Shan-inna ce ta taɓa mini ƙafar hagu tun ina rarrafe, da sanda na koyi tafiya.

Zaman nan nawa umarnin Umma ne. Ina aji ɗaya wani malami mai kyakkyawar niyya ya sa ni cikin masu tsere, wai kada in ji an ware ni. Taku biyar na yi na kife. Yara suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki, na koma gidanmu a Kusfa da gwiwa a goge. Umma ba ta ce mini komai ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta lallashe shi a gaban mutane. In tana da magana da ni, ƙanwata take faɗa wa ko da ina zaune a gefenta. Amma washegari ta tura Baba wurin hedimasta da saƙo guda: kada a sake sa yaron nan a fili.

Muna aji biyar, wajen ƙarshen shekarun tamanin, aka kawo mana sabuwar malama daga Wusasa. A kan ɗan ƙaramin babur take zuwa, kuma in ta yi magana a ajinmu 'yan aji shida ma sun samu darasi kyauta. Bayan wani dogon hutu ta dawo daga kwas da jaka ɗauke da faya-fayan roba guda biyar, masu kama da murfin bokiti. Ta ce wani malaminsu da ya yi karatu a waje ne ya koya musu wasan, can ana ce masa golf na faifai. Mu dai ba mu wahalar da bakinmu ba, muka sa masa jefa-kwando.

Ta tattaro tsofaffin kwandunan tumatir guda tara, ta sa aka kakkafa turaku aka ɗaure su a kai. Na farko a bayan aji uku, wani a gefen rijiya, na bakwai can kusa da kududdufi, na ƙarshe a gindin ganuwa. Ta tara yara ta yi bayani, ina jiyo ta daga wurin takalma.

"Za ka tsaya nan ka jefa. Inda faifanka ya faɗi, nan za ka je ka tsaya ka sake jefawa, har ya shiga kwando. Wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. Ba gudu, ba ture-ture. Wanda ya yi mini gudu ma zan ƙara masa jifa ɗaya."

Ba gudu. Kalmar nan ta zauna mini a ƙirji har aka tashi. Tunda nake ban taɓa jin wasan da ake hukunta mai gudu ba.

A mako na biyu wani ya yi jifan banza, faifan ya zo ya faɗi a kan takalman da nake gadi. Suka yi ta ihu in miƙo. Na ɗauka, na riƙe yadda na ga Malama tana riƙewa, na wurga daga zaune. Wanda ya shekara goma yana ɗaukar jikinsa da sanda, hannunsa ba na wasa ba ne, ni kaina ban sani ba sai ranar. Faifan ya bi ta saman kawunansu ya wuce rijiya. Malama ta bi shi da ido, sannan ta juyo.

"Kai mai gadi, taso nan."

"An hana ni, Malama."

"Wa ya hana ka?"

"Umma."

"To, zan je in gaishe ta."

Da malami namiji ne da iyakarsa zaure, ya yi magana da Baba, Baba ya ce zai duba, maganar ta mutu a nan. Amma ita mace ce. Ranar Asabar da hantsi sai ga babur a ƙofar gida, ta yi sallama ta shige har tsakar gida. Ta tarar da Umma a kan tabarma tana sana'arta, saƙar faifai, ga kaba a jiƙe cikin kwano, ga basilla a hannu. Duk unguwarmu in ana haɗa kayan ɗaki wurinta ake zuwa, don faifanta ba ya sakin baki. Suka gaisa, aka kawo ruwa, Malama ta ciro faifan roba ɗaya ta yi bayani tiryan-tiryan. Ni ina maƙale a bakin ƙofar ɗaki, wai ina gyaran jaka.

Umma ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago ba. Sannan ta ce, "Malama, na gode da kika tako. Amma an taɓa yi, na ga yadda ya dawo. Ba za a sake tara 'ya'yan mutane su yi dariya ba."

"Maman yara, wannan fa ba tsere ba ne. Hannu ne kawai, kuma wallahi duk ajin babu mai hannunsa."

"Allah ya bar masa hannunsa. A bar shi inda yake."

Na ji haushin Umma ranar, haushi mai tsanani, har na ƙi cin tuwo. Malama kuwa ba ta ja ba. Da za ta tafi sai ta ajiye faifan a gefen tabarma, ta ce a bar shi ya kwana biyu, ta gaji da ɗauka. Umma ba ta ce a ɗauke ba.

A makaranta kuma wasan ya shiga wani hali. Faifai huɗu suka rage. Ɗaya monitan ajinmu ya nutsar a kududdufi. Ɗaya ya daki turke ya tsage. Ɗaya ya hau rufin kwano, kafin a samo tsani rana ta lanƙwasa shi ya koma kamar ƙosai. Saura ɗaya tal ga aji guda, ga 'yan sauran azuzuwa sun fara leƙe. To, yaran birni ba sa rasa dabara. Wani ya lura cewa a kowane gida akwai faifai, har da na rufe tuwo da na bakace. Cikin kwana uku fili ya cika da faya-fayan iyaye mata, ja da kore da mai zanen tauraro. Abin takaicin, ko tashi ba sa yi. Ka jefa, ya yi fal-fal ya kife, ko ya sauka a kan gefensa ya gangara cikin kwata.

Sai ƙorafi ya fara zuwa. Wannan ya ce an bar tuwon gidansa a buɗe ƙudaje sun yi biki. Wancan ya ce faifan da aka saƙa wa 'yarsa na jere ne aka tsinto a kwata. Hedimasta mutum ne mai son zaman lafiya fiye da komai, ya kira Malama a gabanmu ya ce in har ba a samo abin jifa na makaranta ba zuwa Alhamis ta sama, a kwance kwandunan nan a huta. Malama ta ce ta zagaya kasuwa har Sabon Gari, babu mai sayar da irinsu. Na zauna a wurin takalma ina lissafi: Umma ta hana, ga shi wasan ma zai mutu kafin ta sauko. Wato jifa ɗaya na yi a duniya, shi ma daga zaune.

Ranar Litinin aka sallame mu da wuri saboda taron malamai. Na shigo zaure, ina shirin yin sallama, sai wani abu ya wuce ta gaban ƙofa fiu, ya daki bango. Na leƙa. Umma ce tsaye a tsakar gida, ta ɗaure zani tamau, ta ajiye turmi can kusa da madafa, tana auna shi da faifai. Ƙanwata ce mai ɗaukowa. A kan tabarma ga faifan roban Malama, ga kuma wasu sababbin saƙa guda uku da ban taɓa ganin irinsu ba. Ƙanana ne, tsakiyarsu siririya, amma bakin ta yi masa layi uku masu kauri ta tanƙwaro shi ƙasa, daidai yadda na roban yake. Ta sake jefa wani. Ya tafi a miƙe, ya yi lilo kaɗan, ya sauka dab da turmin.

Sandata ce ta tona ni, ta goga ƙofa. Umma ta juyo ta gan ni. Nan take ta sunkuya ta hau karkaɗe faifan da ke hannunta, ta ce wa ƙanwata, "Gari ne ya maƙale a jiki." Faifan da ko gari bai taɓa gani ba. Na yi sallama na wuce ɗaki kamar ban ga komai ba, na kifa fuskata a kan filo ina dariya, dariyar kuma ta juye ta zama kuka.

Daga baya ƙanwata ta ba ni labari. Tun ranar da Malama ta tafi, Umma take ɗaukar faifan roban in mun fita, ta auna shi a tafin hannu, ta bi bakinsa da yatsa. Ta ce duk sirrin a baki yake, nauyin can ya taru, shi ya sa na rufe tuwo ba ya tashi. Sau huɗu tana saƙawa tana warwarewa.

Ranar Alhamis da safe na tarar da jakata ta yi nauyi. Faifai shida ne a ciki, da na roban. Umma tana bakin murhu ta ba ni baya, ta ce wa ƙanwata, "Faɗa wa yayanki ya kai wa Malama." Na tsaya ina jiran sauran maganar, ba ta zo ba. Sai da na kai zaure ƙanwata ta biyo ni da gudu.

"Umma ta ce mai koren bakin nan ba na Malama ba ne."

Malama ta jujjuya ɗaya daga cikin sababbin faya-fayan a hannunta. Ta kira hedimasta ta jefa a gabansa, faifan ya tafi har gefen rijiya. Hedimasta ya gyara hula ya ce to, a ci gaba, amma duk wanda ya sake sato faifan uwarsa shi da bulala. Da aka buga ƙararrawa na bi su zuwa gindin dalbejiya, na cire takalmina na jefa a kan tulin. Wani ya ce, "To wa zai yi gadi?" Malama ta ce, "Su yi gadin kansu."

Kwando na farko jifa uku na yi, na biyu ma uku. Ina dogara sanda a hammata ta hagu, in jefa da dama, in bi faifaina a hankali, kuma babu wanda ya ƙosa, don kowa tafiya yake yi. Kafin kwando na shida an fara cewa a zo a ga jifan mai gadi. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. A na bakwai na ce bari in nuna musu, zan tsallake kusurwar kududdufi da jifa ɗaya. Na zage iya ƙarfina, sandar ta zame, na zauna daɓas a cikin taɓo, faifan kuma ya tafi ya faɗa tsakiyar ruwa.

Suka fashe da dariya. Na ce shi ke nan, abin da Umma ta guda ya faru. Amma da na saurara sai na gane irin dariyar. Ita ce dariyar da aka yi wa monita ranar da ya nutsar da na roba, da wadda aka yi wa wanda ya ɗora nasa a rufi. Wani yana ihu wai mai gadi ya kai wa kwaɗi murfin tuwo. Babu wanda ya kawar da kai don tausayi, babu wanda ya ce a yi shiru. Monita ya miƙo hannu ya ɗaga ni yana cewa, "Jifa biyu za a ƙara maka, malam, doka ce." Faifan Umma kuwa bai nutse ba, yana ta yawo a saman ruwa, da sandata aka jawo shi. Na gama kwando tara na zo na huɗu.

Na shiga gida wando duk taɓo, faifai yana ɗiga. Umma tana kan tabarmarta. Ta dubi wandon, ta dubi gwiwata, basillar ta tsaya a hannunta. Ta juya wajen ƙanwata, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Tambayi yayanki, an yi masa dariya?"

Ban jira an tambaye ni ba. Na ce, "An yi, Umma. Sosai ma. Irin wadda ake yi wa kowa."

Ta daɗe tana kallon faifan da ke hannuna. Sannan ta goge ido da gefen mayafi, wai hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba. Ta jawo kwanon kaba gabanta, ta zaro sili ɗaya, kuma a karo na farko da zan iya tunawa ba ta bi ta kan ƙanwata ba. Ni ta kalla.

"Ka shanya shi a inuwa, rana za ta buɗe masa baki. Kuma ka tambayi Malama guda nawa 'yan aji huɗu za su buƙata."